Hujjojin da likita ke tattarawa kafin bitar aikinsa ta shekara a Birtaniya

A Birtaniya, takardar digiri da rajista ba su isa su bai wa likita damar duba marasa lafiya har ƙarshen rayuwarsa ba. Kowace shekara sai ya zauna da wani da aka horar domin bitar aikinsa, ya shimfiɗa masa hujjojin abin da ya yi, da abin da ya koya, da kurakuran da suka auku a hannunsa. Duk bayan shekara biyar kuma akan tattara sakamakon waɗannan zama, a miƙa shawara ga GMC, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a ƙasar, ita kuma ta yanke ko lasisinsa zai ci gaba.

Ma'aikacin gwamnati da ya saba cika fom ɗin APER zai gane kamannin abin, amma akwai bambanci babba. A nan ba ƙarin girma ko matakin albashi ake nema ba, izinin taɓa jikin mutane ne ke bisa sikeli. Dubban likitocin da suka yi karatu a Najeriya suna aiki a asibitocin Birtaniya, kuma kowannensu yana ƙarƙashin wannan tsari daga ranar da ya karɓi lasisi.

Asalin tsarin

An kafa GMC ne da dokar aikin likita ta 1858. Fiye da ƙarni guda, da zarar sunan likita ya shiga rajista, babu mai sake tambayar ƙwarewarsa sai in an kai ƙararsa. Abubuwa biyu da suka faru a ƙarshen ƙarni na 20 ne suka rushe wannan al'ada.

Na farko a asibitin Bristol Royal Infirmary, inda yara suka riƙa mutuwa bayan tiyatar zuciya fiye da yadda ake gani a sauran cibiyoyi. Wani likitan sa barci mai suna Stephen Bolsin ne ya tattara alƙaluma ya tona lamarin. A 1998 GMC ta samu likitoci uku da babban laifin saɓa ƙa'idar aiki, ta soke sunayen biyu daga rajista. Kwamitin bincike ƙarƙashin Farfesa Ian Kennedy ya fitar da rahotonsa a 2001, inda ya ƙiyasta cewa tsakanin 1991 da 1995 jarirai 30 zuwa 35 sun mutu fiye da adadin da za a yi tsammani a wata cibiya irinta.

Na biyu shi ne Harold Shipman, likitan unguwa a garin Hyde kusa da Manchester, wanda kotu ta samu da laifin kashe marasa lafiyarsa 15 a Janairun 2000. Binciken da Mai Shari'a Dame Janet Smith ta jagoranta ya tabbatar da cewa ya kashe aƙalla mutum 215. A rahotonta na biyar, cikin Disambar 2004, ta soki shirin sabunta lasisi da GMC ta tsara a lokacin, tana ganin ba zai iya tantance cancantar likita da gaske ba. Sukar ta sa aka ɗage shirin, wanda aka so farawa a 2005.

Kafin nan an riga an soma bitar shekara a hukumar lafiya ta NHS, ga manyan likitocin asibiti a 2001, ga likitocin unguwa a 2002. An shigo da lasisin aiki a Nuwamban 2009, sannan ranar 3 ga Disamba, 2012 aka ƙaddamar da sabunta lasisi na shekara biyar-biyar, wanda ya ɗora nauyinsa kan bitar shekara da hujjojin da likita ke kawowa.

Masu hannu a ciki

Mutum uku ne ke riƙe da tsarin. Akwai likitan kansa, wanda tattara hujjoji ke wuyansa, ba wuyan asibitinsa ba. Akwai mai bita, wanda galibi likita ne da aka horar domin wannan aiki, ba lalle ne ya kasance a fanni ɗaya da wanda zai duba ba. A Ingila ba a cika barin mutum ɗaya ya yi wa likita bita fiye da shekara uku a jere ba, domin kada sabo ya rufe ido. Sai kuma jami'i mai alhaki, babban likita a ma'aikatar da likitan ke ƙarƙashinta, wanda doka ta ɗora wa miƙa shawara ga GMC. Ga likitocin da ke cikin horon ƙwarewa, shugaban sashen horon ne ke riƙe da wannan matsayi, kuma bitar ci gaban horonsu ta shekara ce ke tsaya musu.

Ma'aunin da ake auna komai da shi shi ne kundin ƙa'idojin GMC mai suna Good Medical Practice, wanda aka fara bugawa a 1995, sabon bugunsa kuma ya fara aiki ranar 30 ga Janairu, 2024. Ya kasa abin da ake nema ga likita gida huɗu: ilimi da ƙwarewa, mu'amala da marasa lafiya, zama da abokan aiki da kiyaye lafiyar jama'a, sai amana da ɗa'a.

Bayyana faɗin aiki

Kafin a zo kan hujjoji, likita zai fara rubuta duk ayyukan da yake yi da sunan likita. Wannan ya haɗa da aikinsa na asibitin gwamnati, da na asibitin kuɗi in yana yi, da koyarwa, da bincike, da shugabancin sashe, har da aikin sa kai kamar zama likitan ƙungiyar ƙwallo a ƙarshen mako. Dalilin a fili yake: wanda ya nuna ɓangaren da ya fi iyawa kawai, ya ɓoye wanda yake tangal-tangal a cikinsa, ya mayar da bitar wasan yara. Dole hujjojin shekara biyar su taɓa kowane ɓangare da ya lissafa.

A nan ne kuma yake sa hannu kan furuci biyu. Ɗaya kan lafiyarsa, cewa babu wata cuta tare da shi da za ta cutar da marasa lafiya ba tare da an ɗauki mataki ba. Ɗayan kan gaskiya da riƙon amana, inda zai bayyana duk wani bincike ko takunkumi da ke kansa, da duk wata hulɗar kuɗi da za ta iya karkatar da hukuncinsa, tare da tabbatar da cewa yana da inshorar da ta rufe dukkan aikinsa.

Hujjoji iri shida

Na ɗaya, ci gaba da neman ilimi. Wannan ya ƙunshi kwasa-kwasai, da taruka, da karatun mujallun likitanci, da darussan intanet, har da abin da aka koya wajen tattauna wani marar lafiya da abokan aiki. GMC ba ta ƙayyade adadin sa'o'i ba, amma da yawa daga kwalejojin ƙwararru sun daɗe suna ba da shawarar maki 50 a shekara, wato 250 a shekara biyar, inda maki ɗaya ke daidai da kimanin sa'a ɗaya. Abin da mai bita ke dubawa shi ne ko karatun ya dace da aikin da likitan ke yi, da ko ya toshe wata ɓaraka da aka gano a bara. Likitan da ya halarci taruka goma a fannin da yake sha'awa, ya ƙyale fannin da yake da rauni, tarin satifiket ɗinsa ba zai cece shi daga tambaya ba.

Na biyu, aikin kyautata inganci. Mafi shahara a nan shi ne bin diddigin aiki. Likita zai ɗauki ƙa'ida ɗaya, misali cewa a duba ƙafafun kowane mai ciwon sukari sau ɗaya a shekara, ya buɗe fayilolin marasa lafiyarsa ya ga nawa aka yi wa hakan. In ya tarar da giɓi, sai ya sauya wani abu a tsarin aikinsa, bayan wasu watanni ya sake ƙirgawa. Ƙirga ta biyun ce ke nuna ko gyaran ya yi amfani, kuma ita ce mutane suka fi mantawa. Ana kuma karɓar nazarin sakamakon tiyata, da nazarin yadda likita ke rubuta magunguna, da bitar wani marar lafiya mai wuyar sha'ani tare da abokan aiki.

Na uku, manyan abubuwan da suka faru. Ana nufin duk wani abu da ba a yi niyya ko tsammani ba, wanda ya cutar da marar lafiya ko ya kusa cutar da shi: maganin da aka ba da fiye da ƙima, sakamakon gwajin da ya kwana ba a duba ba, cutar da aka makara wajen ganowa. Wajibi ne likita ya bayyana duk wanda sunansa ya fito a ciki tun bitar da ta gabata. In babu, sai ya rubuta cewa babu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, domin asibiti ma yana da nasa kundin, kuma jami'i mai alhaki yana iya gwada biyun. Kuskuren da aka bayyana kan zama abin tattaunawa. Wanda aka ɓoye aka gano daga baya kan koma maganar rashin gaskiya, wadda ta fi kuskuren kansa nauyi a idon GMC.

Na huɗu, ra'ayin marasa lafiya. Aƙalla sau ɗaya a shekara biyar, sai an raba wa marasa lafiyar likita takardar tambayoyi: ya saurare su? Ya yi musu bayani yadda za su gane? Ya girmama su? Ya sa su cikin shawarar maganinsu? Ba likitan ne ke zaɓar waɗanda za su amsa ba, kuma ba hannunsa amsoshin ke komawa ba, wani ne daban ke tattarawa ya fitar da sakamako ba tare da sunaye ba. Ana son a kai ga masu wahalar bayyana ra'ayi, kamar yara, da tsofaffi masu mantuwa, da waɗanda ba su jin Turanci, ko da ta bakin masu kula da su ne. Likitan da ba ya ganin marasa lafiya ido da ido, kamar mai aikin ɗakin gwaje-gwaje, yakan nemi ra'ayin waɗanda ke amfani da aikinsa.

Na biyar, ra'ayin abokan aiki, shi ma aƙalla sau ɗaya a shekara biyar. Ba likitoci kaɗai ake tambaya ba. Ma'aikatan jinya, da masu haɗa magunguna, da sakatarori, da ɗalibai, duk suna da ta cewa. Sau da yawa wanda ke ƙasa ne ya fi sanin halin mutum: ko yana amsa waya in an kira shi da tsakar dare, ko ƙaramar ma'aikaciya za ta iya gaya masa ya yi kuskure ba tare da ya daka mata tsawa ba. Wannan ba maganar ladabi kawai ba ce. A sashen da ake tsoron magana, kuskure kan wuce ba a tare shi ba.

Na shida, ƙorafi da yabo. Duk ƙorafin da aka shigar kan likita ko kan tawagarsa sai ya kawo shi, tare da bayanin yadda aka amsa da abin da ya sauya. Ko ƙorafin da bincike ya nuna ba shi da tushe yana iya ɗauke da darasi, wataƙila magani daidai ne amma bayanin da aka yi wa iyali ne bai wadatar ba. Wasiƙun godiya da katunan yabo su ma hujja ne, domin suna nuna abin da ya kamata a riƙe.

Waiwaye

Abin da ke bai wa waɗannan takardu daraja shi ne ɗan rubutun da likita ke haɗawa da su, inda zai amsa tambayoyi uku: me ya faru, me na koya, me na sauya. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya, a wannan tsari kuwa shi ne ginshiƙin tafiyar. Satifiket yana tabbatar da cewa mutum ya zauna a ɗakin taro ne kawai. Layi huɗu da ke cewa bayan taron ya daina rubuta wani magani ga masu ciwon ƙoda, ya kuma sake duba waɗanda ya riga ya rubuta wa, su ne ke nuna cewa ilimin ya isa ga marar lafiya.

Wannan rubutu ya taɓa jefa likitocin Birtaniya cikin fargaba, sanadiyyar shari'ar Dakta Hadiza Bawa-Garba, 'yar asalin Najeriya mai neman ƙwarewa a fannin yara. A Fabrairun 2011 wani yaro ɗan shekara shida ya rasu a asibitin Leicester Royal Infirmary a ranar da take bakin aiki, ranar da aka samu ƙarancin ma'aikata da matsalar na'urar fitar da sakamakon gwaji. A Nuwamban 2015 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci, a watan Disamba kuma ta yanke mata ɗaurin shekara biyu da aka jingine. Kotun ladabtar da likitoci ta dakatar da ita na shekara ɗaya a 2017, GMC ta ɗaukaka ƙara, Babbar Kotu ta ba da umarnin soke sunanta a Janairun 2018, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan umarni a Agustan shekarar. Daga baya ta koma bakin aiki.

A lokacin, magana ta bazu cewa rubutun waiwayenta ne aka yi amfani da shi a kanta. Ƙungiyar da ta kare ta ta bayyana cewa ba a gabatar da kundin waiwayen nata a matsayin shaida a shari'ar laifin ba, amma tsoron ya riga ya shiga, har wasu likitoci suka ce za su daina rubutawa. A Satumban 2018 GMC da wasu cibiyoyin ilimin likitanci suka fitar da jagora kan lamarin. Shawarar ita ce rubutun ya tsaya kan darasi da gyara, kada ya zama cikakken labarin abin da ya faru, domin wannan yana da muhallinsa a fayil da rahoton bincike. GMC ta kuma ce ba za ta nemi likita ya miƙa mata waiwayensa in tana bincikensa ba. Sai dai doka ba ta ba wa rubutun kariya ta musamman ba, kotu na iya neman sa.

Sirrin marasa lafiya

Babu sunan marar lafiya da ya kamata ya shiga kundin bita. Cire suna kaɗai ma bai isa ba: shekaru, da unguwa, da ranar kwanciya, da wata cuta da ba a cika gani ba, in suka haɗu, suna iya nuna mutum kamar an kira sunansa. Haka katin godiya da wasiƙar ƙorafi, sai an goge duk abin da zai fallasa mai su, ko a taƙaita abin da suka ƙunsa a bar asalinsu a waje. Wannan kariya ta shafi abokan aiki da aka ambata.

Tsara shekara da ranar zama

Ba a fafe gora ranar tafiya. Likitocin da suka ƙware a lamarin kan rubuta layi biyu ko uku a ranar da abu ya faru, su ajiye a kundinsu na kwamfuta, maimakon su zauna mako guda kafin bita suna ƙoƙarin tuno watanni goma sha biyu. Takardun ra'ayin marasa lafiya da na abokan aiki sukan ci makonni kafin su dawo, shi ya sa ake so a gama da su tun tsakiyar zangon shekara biyar, domin a samu lokacin gyara abin da suka nuna, a kuma sake aunawa in da buƙata.

Galibi akan tura wa mai bita kundin kamar mako biyu kafin zama. A zaman, akan fara da tsarin ci gaban da aka amince da shi bara, a ga abin da aka cika da wanda ba a cika ba da dalili. Sai a bi hujjojin, a tattauna nasarori da matsaloli, har da nauyin aiki da lafiyar likitan. A ƙarshe a rubuta sabon tsari mai 'yan manufofi da za a iya aunawa, su biyun su sa hannu kan taƙaitaccen bayani, a tura wa jami'i mai alhaki. Ba jarrabawa ba ce da ake ci ko faɗuwa, amma in mai bita ya hango abin da zai iya cutar da marasa lafiya, wajibinsa ne ya dakatar da zaman ya kai rahoto.

Hukuncin shekara biyar

In zango ya cika, jami'i mai alhaki yana da zaɓi uku. Ko ya ba da shawarar a sabunta lasisi. Ko ya nemi a ɗage, in hujjoji ba su cika ba saboda dalili kamar hutun haihuwa ko doguwar jinya, ko in ana cikin wani bincike. Ko ya sanar da GMC cewa likitan ya ƙi ba da haɗin kai. Ɗagewa ba horo ba ce, likita na ci gaba da aikinsa. Ƙin haɗin kai kuwa na iya kaiwa ga janye lasisi, wanda ke nufin ba shi da ikon rubuta magani ko duba marar lafiya a ƙasar. Damuwa mai tsanani kan cancantar likita ba ta jiran shekara biyar, tana da hanyarta daban.

Suka da gyare-gyare

Tun farko likitoci sun koka da yawan takardu da lokacin da suke ci. Bitar da Sir Keith Pearson ya yi wa tsarin, wadda ta fito a Janairun 2017, ta goyi bayan ci gaba da shi amma ta nemi a rage nauyin da ba dole ba, ta kuma nuna damuwa kan likitocin wucin gadi da ke yawo tsakanin asibitoci, waɗanda tattara hujja ke yi wa wuya. Annobar korona ta sa aka dakatar da bita a Maris na 2020, da aka dawo kuma sai aka zo da salo mai sauƙi, wanda ya rage rubutu ya ƙara ba da muhimmanci ga tattaunawa da lafiyar likitan. Har yanzu akwai masu tambayar ko irin wannan tsari zai iya kama mugu mai wayo irin Shipman, wanda marasa lafiyarsa da yawa ke ƙauna. Amsar da masu kare tsarin ke bayarwa ita ce an gina shi ne domin likitan kirki ya ƙara kyau, da kuma gano mai rauni tun kafin rauninsa ya yi kisa.

Abin da ya shafi likitocin Najeriya

A Najeriya, hukumar MDCN ce ke yi wa likitoci rajista, kuma tana sabunta lasisi kowace shekara bisa sharaɗin likita ya tara maki 20 na ƙarin ilimi daga cibiyoyin da ta amince da su. Wannan ya yi daidai da kashi na farko cikin shida da GMC ke nema. Saboda haka likitan da ya tashi daga Kano ko Zariya zuwa Birtaniya yakan tarar da sauran biyar a matsayin sabon abu, musamman neman ra'ayin marasa lafiya da na ƙananan ma'aikata, da rubuta kuskurensa da hannunsa.

Wanda ya dawo gida na dogon lokaci kuma yana da shawarar da zai yanke. GMC tana son mafi yawan hujjoji su fito daga aikin da aka yi a Birtaniya, don haka riƙe lasisin daga nesa yana da wuya da tsada. Hanyar da hukumar ta tanada ita ce ya ajiye lasisin ya bar sunansa a rajista, in ya tashi komawa ya nemi a mayar masa, tare da takardar shaidar kyakkyawan hali daga hukumar ƙasar da ya yi aiki. Duk wanda ke da niyyar komawa, amfaninsa ne ya ci gaba da ajiye bayanan karatunsa, da alƙaluman aikinsa, da darussan da ya ɗauka, ko da babu wanda ya tambaye shi a inda yake.